Rigar Yumɓu

Ƙarfe biyun dare a Kumasi.
Tanderu na huci a digiri dubu da ɗari biyar,
daga ni sai allon lambobi, sai koko da ya huce a kofi.

A ciki akwai ɗan faranti, bai kai tafin hannuna ba,
saƙar zaren gawayi,
ya fi ƙarfe taurin kai, ya fi faifai sauƙin ɗauka.
Wuta ba ta narkar da shi.
Iska ce magabciyarsa,
wannan dai da muke shaƙa:
in ta samu zafi sai ta riƙa gutsurarsa a ɓoye,
ba ƙara, ba toka,
sai ka buɗe ka tarar da rami.

Shi ya sa muka ɗinka masa riga.
Mako uku ni da Akosuwa muna shafe,
tangaran mai kaurin ɓawon albasa.

Babana Issaka a Suwame ya ƙare kwanansa
yana zuba tukwanen dalma.
Kullum da safe zai kwaɓa yumɓu da buntu
ya shafe cikin kaskon narki da yatsu uku.
In na tambayi dalili,
"Miƙo ruwa," iyakar amsarsa ke nan.

Uku da kwata, dumso ya faɗo.
Janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.
Sanyi ya kutso ba sallama,
riga na tsukewa, jiki ya ƙi bin ta.
Na ji ƙas,
ko kuwa zuciyata ce ta ji, oho.

Kafin ladanin Aboabo ya yi kira wuta ta dawo.
Na sake hurawa ba tare da na sa rai ba.

Da hantsi muka leƙa ta madubi:
ga tsaga nan, siririya kamar gashin ido,
amma gilashin da muka cuɗa cikin rigar
ya narke, ya gangara, ya toshe bakinta
yadda ƙaro ke taruwa inda aka sari bagaruwa.

Ma'auni ya ce miligiram huɗu suka tafi.
Akosuwa ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa.

Ni kuwa damtsen Baba na tuna,
tabon nan mai sheƙi da dalma ta bar masa,
wurin da gashi bai ƙara tsirowa ba,
wurin da nake kamawa in za mu tsallaka titi a Kejetiya.