Mai Akurkin Haikali

Ni ne Belturu, mai riƙon akurki
a bayan haikali, gefen kogin Tibar.
Aikina kaɗan ne: in buɗe ƙofa, in watsa tsaba.
In kaji sun ci, Rum ta ce alloli sun yarda.
In sun kau da kai,
ko sarkin yaƙi sai ya kwance sirdi.

Shekara goma sha tara ina nan,
na san abin da dattawan majalisa ba sa son ji:
kazar da ta kwana uku da yunwa
ba ta shawara da sama kafin ta kai baki.

Mamerkus ya zo mini da dare,
mayafi a ka, yana warin doki da man zaitun.
Ya dire jaka bisa murfin tulu, ta yi ƙara.
Ya ce, "Nan da kwana uku zan shiga birni da mayaƙana.
Kujerar nan ta gaji da tsofaffi.
Ina so kajinka su ci."

Ai an riga an yi masa magana.
Zuma ta yi gida cikin kwalkwalinsa,
ya ce zaƙi ne ke neman kansa.
Rijiyar gidansu ta koma gishiri,
ya ce teku ce ta zo gaisuwa.
Postumiya matarsa ta ga inuwarsa a bango, babu wuya,
ya ce ta gyara lagwanin fitila.

Na hana kaji ko ƙwaya.

Da asubar ranar, mashi dubu a tsaye,
na buɗe ƙofa, na watsa.
Shiru.
Wake-waken nan, uwar haɗama,
ta leƙo, ta dube shi da ido ɗaya,
ta koma lungu ta kwanta.
Na taka tsabar da tafin ƙafa,
na ɗaga murya: "Sun ci!"
Ƙaho ya amsa.

Ya shige ƙofar birni shi da mutum shida,
ƙyaure ya faɗo a bayansu.
Sauran labarin duwatsun titi suka sha.
Daga baya na ji
mai tsaron ƙofa an yi masa alkawarin jaka biyu,
guda aka kai masa.
Na san inda ɗayar ta kwana.

To wa ya kashe shi?
Alloli da suka faɗa, ko ni da na rufe bakinsu,
ko kunnen da ke jin "kada" ya fassara "maza"?

Da yamma kajin suka cinye tsabar tas.
Jakar tana ƙarƙashin akurki, ban ƙirga ba.
Kullum wake-wake na tono a daidai wurin,
ni kuwa na san abin da mai tone-tone ke tonowa.