Abin da Ƙugiya ta Ciro

Kwana huɗu ke nan famfon ya daina sunkuyawa.
'Yan'uwansa a tudun Patagoniya
suna ta duƙawa suna ɗagowa,
shi kuwa ya ƙame da kai a sama
kamar jakin da ya ƙi hanya.

Eleuterio Nahuelquir ya ɗora tafinsa a kan bututu,
ya lumshe ido, iska na neman ƙwace masa hula.
Ya ce, "Sandar ce ta tsinke can ƙasa.
Mai yana nan. Rijiya ta bayar, guga ya hana."

Muka kafa inji, muka shiga zaro hanjinta.
Bututu ɗaya, mita tara:
a kwance, a jingine, a koma.
Ɗari da tamanin da uku na ƙirga
kafin sanyi ya raba ni da yatsuna.
Kowanne ya fito shafe da baƙin kitse,
wasu tsatsa ta ci su cin gara.

Zulema ce a kan birki.
Ba ta magana in tana aiki,
haɓa kawai take ɗagawa, mu gane.
Idonta na kan allurar nauyi,
domin abin da ke ƙarƙashin mita dubu biyu
ba ido ke ganinsa ba, lalube ne.

Daren farko ƙugiya ta dawo wayam.
Na biyu ta kama, ta ɗago kaɗan, ta saki.
Muka zauna bayan tanki muna zagaya ƙoƙon mate,
ɗaci na bin ɗaci, tsinken zuƙa ɗaya ga mutum shida.
Can nesa gwanako biyu sun miƙa wuya
suna kallon mutanen da ke roƙon rami.

A dare na uku sandar ta fito,
bakinta a tauye kamar karan da aka tauna.
Aka tura maganaɗisu ya share gindin.
Ya hau da ɓarɓashin ƙarfe, da noti biyu,
da wata sifana baƙa ƙirin.

Eleuterio ya goge ta da gefen rigarsa.
Akwai haruffa biyu, an karce su da ƙusa.
Ya daɗe yana dubawa.
"Ta mahaifina ce," in ji shi.
"An yanke masa ladan sati a kanta.
Ina ɗan shekara bakwai. Har ya mutu
yana rantsuwa wani ne ya sace."

Ba wanda ya yi dariya, sai shi.
Ya yi ta yi har ya share ido,
ya ce iska ce, iskar nan ba ta da kunya.

Da asuba muka mai da bututu, sabo a gurbin ruɓaɓɓe,
ɗari da tamanin da uku, ɗaya bayan ɗaya.
Zulema ta danna maɓalli.
Famfon ya yi nishi, ya yi ƙugi,
ya sunkuya.

Ganga ashirin a yini, in ji mutanen ofis,
ba ta kai a yi mata biki ba.
Wata uku ya rage wa tsohon ya ajiye aiki.
Na gan shi a mota ya rungume sifanar a cinya,
yana murza bakinta da babban yatsa,
ko za ta buɗe.