Kwabon Sallau

A Bukur, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa,
inda kududdufan kuza suka yi kore shar,
akwai gidajen da ba a tambayar wa ya gina su.
Dubi kusurwa kawai.
In ta miƙe kamar alif, hannun Sallau ne.

Ina ɗan shekara sha huɗu na fara ɗaukar masa kwanon sarki.
Sanyin asuba yana tsaga leɓe,
shi kuwa sai ya tuɓe takalmi ya faɗa cikin kwaɓi,
wai ƙasa ba ta gaya wa roba gaskiya,
sai tafin ƙafa.

Wurin Nomau Bazazzagi ya koyi tubali da makuba,
zamanin da Turawan kuza ke biyan lebura ran Asabar.
Dutse ya shigo yayi, ya koyi fasa dutse
har farcen babban yatsansa ya yi fushi, bai sake tsirowa ba.
Da bulo ya zo, shekara biyu yana hararar sa,
daga baya ya karɓe shi
kamar baƙon da ya riga ya shimfiɗa tabarma.

Yana da wata ɗabi'a.
Kafin a aza dutsen fari, sai ya laluba aljihu,
ya ciro kwabo mai huda, ya binne a kusurwar gabas.
An canja kuɗi, naira ta zo,
shi yana da gwangwanin madara cike da tsofaffi.
Na tambaye shi ko asiri ne. Ya ce, "Haya ce.
Ƙasa muka hau, ba ta gayyace mu ba."

Shi ya gina wa Davou mai gadin layin dogo ɗaki huɗu,
kuɗin suna zuwa kamar ɗigon yayyafi, shekara bakwai.
Shagon Alabi mai gyaran agogo nasa ne,
da ɗakin da Kachollom ungozoma ta yanke wa rabin unguwa cibiya.

Shekarar da gari ya ci wuta,
rufi ya tafi, bangaye suka tsaya baƙi ƙirin.
Ya bi su ɗaya bayan ɗaya,
yana ƙwanƙwasawa da gindin cokalin gini,
kunne a manne, kamar mai sayen tukunya.
"Wannan zai rayu. Wannan ma."
Bai tambayi wa zai dawo ciki ba.

Ni na gudu Abuja.
Na hau bene goma sha biyu, na sauko,
ban san sunan mai gida ko ɗaya ba.

Bara kwangila ta maido ni.
'Ya'yan Davou sun sayar, gidan mai za a yi,
kuma ni ne mai tsayawa kan rusau.
Ran na uku, da la'asar, haƙorin katafila ya tono shi,
ya yi tsanwa, ƙasa ta toshe hudar.
Na sa a aljihu. Ya fi bulo nauyi.

Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi,
ido ya mutu, hannu na nan.
Ya murza kwabon, ya sinsina.
"Gidan Davou," in ji shi. "Jar ƙasar bakin layi ce.
Tagar arewa ta ɗan karkace, ka lura?
Ranar aka aiko mini uwata ta rasu."

Na yi shiru. Kaza ta wuce tsakaninmu.

"Kwana nawa kuka yi?"
Na ce uku.
"Da katafila?"
Na ce da katafila.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya miƙo mini kwabon.
"Mai da shi inda ka ɗauko.
Su ma masu man ƙasa za su hau."