Tazarar Yatsa Biyu

Shekara ashirin da uku ina dakon albasa a Ketu,
buhu a wuya, taɓo har idon sawu.
Kuɗin sun tafi Gumel, sun zama ɗaki biyu da rijiya.
Abin da ya rage mini a Legas
shi ne ƙarar nan in na ɗago daga sujada,
ƙas, ƙas, kamar an taka busasshen kara: gwiwa.

Likitar ƙashi a Idi-Araba ta ce, "Baba Sallau,
motsi ne maganinka, amma ban da nauyi."
Morufu mai walda ya ji, ya sosa ƙeya,
ya haɗa mini keke da ƙarfen gado da kujerar danfo.
A kishingiɗe ake hawa, feda na can gaba,
sai ka ce mai tura ƙofa da ƙafa don hannu na riƙe da ƙwarya.
Yaran Agege suka bi ni da ihu,
wai ga tsoho ya ɗauko gadonsa zai kai kasuwa.

Kwana uku, ƙoƙon gwiwa ya ɗau wuta.
Na ce aikin banza. Na jingine shi bayan tankin ruwa.

Tasalla ce ta fito da shi, autata mai koyon ɗinki,
tef a wuya, alli a bayan kunne.
"Baba, in wando ya ɗage, ba ƙafa ake zagi ba.
Zauna. Jingina sosai, kar ka ɗago baya.
Ɗora diddige kan feda. Tura har ƙarshe."
Na tura. Ƙafar na nan a lanƙwashe kamar lauje.
"Ka gani? Takure ta ka yi.
Fili take nema, ba hutawa."

Morufu ya kwance noti biyu, ya zaro bututun gaba
da irin karamcin wanda ba shi zai taka ba.
Na zagaya layin mahauta sau ɗaya.
Yanzu kuma yatsu ke leƙen feda,
ƙugu na rangaji hagu da dama,
jijiyar bayan gwiwa ta ɗame kamar tsirkiya.
Kusa ciwo, nesa ciwo.
Na sauko ina ɗingishi, su biyu suna gardama,
shi da Yarabanci, ita da Hausa,
sifana na tsakaninsu tana yawo hannu zuwa hannu,
hadari na haɗowa ta wajen Ikeja, da tsawa.

Yatsa biyu ta mayar da shi. Biyu kacal.
Ta ja layi da alli, ta ce kar wanda ya taɓa.
Aka rage wa sarƙa gaɓa ɗaya don ta daina lilo.
Da diddige, ƙafa ta miƙe sak.
Da gindin yatsu, sai ɗan rusunawa ya rage,
irin wanda ake wa yaya, ba na suruki ba.
"Giya mai sauƙi, Baba. Juya da yawa, kar ka danna.
Ba buhu ba ne, ba a yi masa ƙarfin tuwo."
Na yi shiru. Yaushe yarinyar nan ta fara ba ni umarni?
Ni da na koya mata tsayuwa.

Yanzu bayan asuba nake fita,
kafin danfo su farka su fara rantsuwa da ham.
Ina bin gefen layin dogo, ƙamshin burodi na bina.
Ta dama har yau tana gunaguni in damina ta matsa,
ba mu gama shiryawa ba.
Amma ga abin da ban faɗa wa likita ba:
duk shekarun nan ƙasa na sani, kwata da ɓawon albasa,
wuya a sunkuye.
Jiya jirgi ya sauko ta kaina, fitilunsa a kunne,
na bi shi da ido har ya ɓace bayan gada,
ƙafafuna na ta aikinsu ba su tambaye ni ba.
Ruwa ya wanke allin Tasalla tun makon jiya.
Ta sake ja da jan farce, ta hura, tana jiran bushewa.