Doguwa

Sau huɗu na je kasuwar motoci a kudancin Jidda,
sau huɗu na dawo da kuɗina
a ƙulle cikin aljihun ciki.
Dillali ya daina ce mini Alhaji,
ya koma kirana Mai Zagaye.

Tana can ƙarshen layi, fara, mai dogon baya,
shekara tara a kan kwalta,
da tabo a ƙofar hagu.
Na shuri taya kamar na san abin da nake saurare.
Na leƙa inji, inji ya leƙo ni.
Ni tela ne. Keke na sani,
in ya yi tari na san inda ke masa ciwo.

Riyal dubu ashirin da takwas.
Shekara shida ina kafa wuyan jallabiya,
ina rage wa alhazai tsawon wando.
An ce allura kan tono garma,
tawa ce za ta tono mota?

Ummuhani ta ce, Ma'azu, mu bakwai ne.
Tasi biyu muke tarewa in za mu Makka,
Inna a ɗaya, keken guragunta a ɗaya.
Na ce sai na yi istihara.
Ta ce ka yi tun azumin bara,
sa hannu ne ya gagare ka.

Na ɗauko Nafi'u bakanike.
Ya shige ƙarƙashinta har aka kira la'asar,
ya fito baƙi ƙirin yana goge hannu,
ya ce, tsohuwa ce, amma ba ta ƙarya.

Ranar da na ƙirga kuɗin, yatsuna suka ƙi sakin na ƙarshe.
Daren nan sau uku na ɗaga labule
in ga ko tana nan,
in ga ko ni ne wawan unguwa.

Juma'a ta biyu muka nufi Ɗa'ifa.
Kula biyu, tabarma, butar shayi,
keken Inna a kwance a baya, ga sauran wuri.
Hanya ta fara murɗewa kamar zare a kwarkwaro,
ni kuwa kunnena na kan inji.
Sai ƙara: kas, kas, kas.
Na ce shi ke nan, dubu ashirin da takwas ta yi magana.
Na tsaya gefe, gumi har gwiwa.
Ashe cokali ne Yazidu ya bari cikin kofi.
Dariyar da aka yi mini
ita ta ƙarasa hawa dutsen da mu.

A can sama biri ya fizge gurasa a hannun Rumaisa,
ta yi kuka, ta ce mu koma a ba shi wata.
Inna, wadda ta shekara biyu tsakanin gado da asibiti,
ta ce a sauke mata gilashi.
Hazo na wucewa ƙasa da mu.
Ta miƙa hannu waje, ta daɗe,
ta ce rabonta da sanyi mai daɗi haka
tun tana budurwa a Funtuwa.
Ban ce komai ba. Na riƙe sitiyari da kyau.

Tana shan mai, ban ɓoye ba.
Tagar baya sai an taimaka mata da tafin hannu.
Maƙwabcina Sabi'u ya taya dubu talatin,
na ce ya sha shayinsa kada ya huce.

Yanzu bayan isha'i, in na rufe shago,
nakan zauna a cikinta ban kunna ba.
Ƙamshin ɓawon lemo, ruwan wardi da ya zube a kujera.
Jiya na laluba ƙarƙashi ina neman almakashi,
na zaro takalmin Rumaisa, ƙafar dama,
wanda aka juye gida ana nema tun sallah.
Na ajiye shi a gaban gilashi.
Gobe da asuba akwai asibiti,
tasi kuwa ya gaida mutanen gida.