Ƙafafun Aro

Shekara talatin ina sauke buhunan kofi
a tashar jiragen ruwa ta Veracruz,
tafin ƙafata ya san kowane katako.
Bara ƙusa ta shige ni tun da safe,
sai da yamma safa ta ba ni labari.

Ciwon suga ba ya sallama.
Ya fara da yatsu, kamar cinnaku,
sai wuta cikin dare,
sai shiru.
Shirun ne ya fi ba ni tsoro.

Ran Talata, a bayan asibitin unguwa,
Yaretzi na jera kujeru a jikin bango.
Kafin kiɗa, madubi:
kowa ya tuɓe takalmi, ya leƙa tafin ƙafarsa
kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.
Ba ƙujewa? Ba bororo?
To, miƙe.

Danzón ba ya gaggawa, shi ya sa muke shiri.
Taku, taku, dakata.
Ta ce, "Nicanor, daina kallon ƙasa,
ba ta je ko'ina ba."
Na ce, ni dai rabona da jin ɗuriyarta
an yi shekara huɗu.

Aka haɗa ni da Eufrosina,
wadda ta tsufa tana fere kifi a kasuwa,
hannunta kaushi, ƙamshin lemun tsami.
Na taka ta.
Ban sani ba, ita ma ba ta sani ba,
muna ta juyi abinmu,
sai da Yaretzi ta nuna mana da baki.
Muka yi dariya har na nemi kujera,
har Eufrosina ta goge ido da mafici.

Wata biyar ke nan.
Ba zan yi ƙarya ba, ƙafafun ba su dawo ba.
Likita ya taɓa su da siririn zarensa,
ya ce, "Nan fa?"
Ina kallon silin.

Amma jiya a cikin bas, ina tsaye,
direba ya take birki saboda wani kare.
Ƙuguna ya karkata da kansa,
gwiwa ta saki, ta kama,
taku, dakata.
Lemuna ne suka watse ƙarƙashin kujeru,
wani yaro yana ta tsinto min,
ni kuwa ina tsaye
a kan ƙafafun da ba na ji,
ina ƙirga kiɗan da babu mai jin sa sai ni.