Yatsu Uku

A bakin tafkin Song-Kol,
inda ciyawa ke ƙarewa a gindin ƙanƙara,
kakana Toktosun yatsu uku gare shi a hannun dama.
Da su yake riƙe kofin shayi,
da su yake nuna min hanya.

Ina 'yar shekara bakwai na ce, "Sauran biyun fa?"
Ya ce, "Igiya ta ci.
Naɗi biyu na yi mata a hannu don kada ingarma ya kufce,
tsawa ta faɗi a kan dutse,
ya zabura, ni kuwa babu damar saki.
Bermet, riƙe igiya, kada ki bar ta ta riƙe ki.
Doki in ya tafi, gobe a kamo shi a kwari.
Yatsa in ya tafi, sai dai labari."

Shi ya koya min tatsar goɗiya.
A fara kawo dukushi ya tsotsa,
a zo ta kafaɗa, ba a zuwa ta baya,
a yi magana tun daga nesa, ko da shirme ne,
a ɗora tafi a wuya, a zame shi har cinya,
ta san inda kike kafin ki durƙusa.
"Dubi kunne," in ji shi, "kunne ba ya ƙarya.
In ya kwanta, ke tashi."

Shekara goma sha ɗaya ina bi, ko ƙwarzane babu.
Sai rannan.

Ba baƙar nan mai cizo ba ce,
wadda kowa ke kewayewa kamar rijiya marar murfi.
Boz ce,
tsohuwar da na hau tun ban iya ɗaura takalmi ba,
mai lasar gishiri a tafina.
Hadari ya haɗu, baƙi na jira a tanti,
na bi ta bayanta da bokiti, bakina shiru,
ƙafata na gaba, hankalina na kan murhu.
Ƙuda ne ya cije ta, ko ƙarar ƙarfen ce, Allah masani.
Ban ga kofaton ba.
Sama na gani,
da bokiti yana mirgina shi kaɗai,
da numfashina da ya fita ya ƙi dawowa.

Awa huɗu zuwa asibitin Narin a motar Kubanic.
Babu ramin da bai gaisa da haƙarƙarina ba.
Likita ya ɗaga hoto a fitila, ya ƙirga:
uku sun karye.

Kaka bai yi faɗa ba.
Ya zauna a bakin gado yana juya farar hularsa.
Can ya ce, "Mai tsoro ba ta cika shan shuri ba.
Sabo ne turken wawa,
kuma ni na riga ki ɗauruwa a jikinsa."

Ranar da na koma, ina takawa kamar mai ɗauke da ƙwai,
Boz ta taho tana shinshina aljihuna.
Ba ta san ta yi komai ba.
Na daɗe ina neman fushin da zan yi da ita,
na rasa, na ba ta gishirinta.

Bana Ilgiz ɗan yayata ke riƙe min dukushi.
Yana dariya in ya ji ni tun daga turke
ina ba goɗiya labarin farashin fulawa.
Ina barinsa ya gama.
In sanyin asuba ya shiga gefen ƙirjina,
sai in kama hannunsa,
in warware igiyar da ya naɗa.